Sirrin Albarushin Konsehal

Duk lardin Batangas babu maharbi kamar Konsehal Florencio Dimaculangan. Ba a bakin 'yan tsegumi muka ji ba, shi da kansa ya faɗa, kuma ya sha maimaitawa. Shekara tara ke nan da faɗuwarsa zaɓen kansila, amma kujerar kawai jama'a suka karɓe, sunan Konsehal, wato kansila, yana nan daram. A bayan rigarsa ta gasa an rubuta ARADUN LIPA da zaren zinariya, Lipa kuwa garinsu ne. 'Yan kulob ɗin harbi kuwa, da ya ba da baya, Tsaya-Tukuna suke ce masa, don ba ya harbi uku bai ɗaga hannu ya faɗi hakan ba.

Wajen kaya kam babu mai ja da shi. Ranar Lahadi, bayan an taso daga coci, sai ka hango direbansa yana turo keken kaya mai lema da fanka, shi kuma yana biye yana taku ɗai-ɗai. Ɗamararsa ta fi ta kowa faɗi, gidajen harsashi shida sun zagaye tumbin. Tabarau kala uku ne, har da na ranar da gari ya yi hadari. Ita kanta ƙaramar bindigar an shafe ta da ruwan zinariya, an zana sunansa a gefenta, Fada ya yayyafa mata ruwa mai tsarki har sau biyu. Aibinta ɗaya ne tak, ba ta son tashi.

Ya harba ɗaya, ya harba biyu, sai ta cije, kwanson harsashi ya maƙale a bakinta kamar sigari. Nan fa Konsehal zai juyo ya yi wa 'yan kallo lacca. Yau laifin danshin iska ne, gobe na tokar dutsen Taal mai aman wuta, jibi na mai da aka shafa mata. Laifi tudu ne. Da uzurori suka ƙare, sai ya hango Mang Tibo.

Mang Tibo shi ne mai gyaran bindigogin kulob. Shekara ashirin yana da rumfa a gindin mangwaron filin, da ita ya aurar da 'ya'ya mata biyu. Sau bakwai ya kwance bindigar zinariya, sau bakwai ya gwada ta da harsashin shago, tana tashi kamar keken ɗinki. Kuma ba makaho ba ne. Kwanson kowa tsalle yake yi ya faɗa can gefe, na Konsehal kuwa a kan takalminsa yake zubewa, a gajiye. Konsehal ne ke ɗura harsashinsa a gida da injin da ya sayo daga Manila, kuma tun ranar da bindiga ta shure shi a gaban mai ɗaukar hoto yake rage albarushi kaɗan-kaɗan. Amma sifirin na cikin bindigar, wanda ƙarfin harsashi ke turawa baya don kwanso ya fita, ya ce sai mafi tauri, irin na maza. To harsashin da bai ci ya ƙoshi ba, ina zai iya ture sifirin na maza?

"Konsehal, da za ku bar ni in duba harsashin…"

"Harsashina? Tibo, ka san da wa kake magana? Awon albarushina sirri ne, ko matata ba ta sani ba. Wani Ba'amurke ya roƙe ni har da hawaye, na hana shi. Hannunka ne ya tsufa. Ni na yi wa kulob ɗin nan rufin kwano, in bindigata ta kunyata ni ranar gasar bikin gari, ka kwashe tarkacenka daga gindin mangwarona."

Mangwaron ba nasa ba ne, amma rufin nasa ne, kuma 'yan kwamiti ba sa son ruwan sama. Mang Tibo ya tsorata ƙwarai. Faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mayar da shi wasa: ya ce to, ya karɓi bindigar, ya zare sifirin na maza, ya sa mafi laushin da ke cikin akwatinsa, irin wanda ake sa wa sababbin shiga. Bai gaya wa kowa ba.

Ranar gasa fili ya cika, ƙamshin taliyar lomi da gahawa ya gauraye da hayaƙi. Aka busa usur, Aradu ya zaro bindiga. Abin mamaki, ta tashi! Ta huda kwali na ɗaya, na biyu, har na takwas, ba ta cije ba. Konsehal da kansa ya ɗan dube ta, kamar mai shakkar ko tasa ce. Mang Tibo ya yi alamar gicciye, ya sauke ajiyar zuciya.

Saura faifan ƙarfe guda, wanda sai ya faɗi ake ba da maki. Konsehal ya saita, ya harba. Ƙarfe ya ce ƙil, ya tsaya. Ya ƙara. Ƙil. Sau biyar yana samunsa a tsakiya, faifan ko gezau.

"Tsaya tukuna!" Ya ɗaga hannu. "An ɗaure ƙarfen nan! Siyasa ce! Masu tsoron in dawo kujerata su ne suka yi wannan. A kira shugabar alƙalai a gwada shi, doka ta ba ni dama."

Mang Tibo ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Konsehal, don Allah ku bar shi, maki biyar ne kawai."

"Yi min shiru. Namiji ba ya barin haƙƙinsa."

Shugabar alƙalai ita ce Aling Rosing, tsohuwar malamar firamare, wadda rabin maharban filin suka sha rula a hannunta. Ta zo da bindigar gwaji, ɗure da harsashi mafi rauni da doka ta yarda a shiga gasa da shi. Ta gyara tabarau, ta harba ɗaya. Faifan ya kife, tim.

Wani daga baya ya ce, "Ashe malama yake jira."

Mai hankali da nan zai tattara ya tafi cin lomi. Konsehal kuwa sai ya juya ya nuna Mang Tibo da yatsa. "To bindigar ce! Wannan tsohon ya tsotse mata ƙarfi. Yau ɗin nan zai bar filin nan."

"Sauƙi gare shi, Florencio," in ji Aling Rosing. Ita kaɗai ke kiransa da sunan yanka, don ita ta koya masa lissafi. "Mu je wurin na'ura."

Inda ba ƙasa, nan ake gardamar kokawa. Aka ɗunguma wurin na'urar auna gudun harsashi. Aka sa na shago a bindigar zinariya, ta yi tsawa, lamba ta haura. Aka sa nasa, ta yi wani ɗan tari, lambar ba ta kai ko kusa da ƙa'ida ba. Aling Rosing ta sa aka cire kan harsashi ɗaya, ta zazzage albarushin a tafin hannunta, ta ɗaga kowa ya gani. Bai kai gishirin da za a barbaɗa wa dafaffen ƙwai ba.

"Wannan ne sirrin da Ba'amurke ya yi wa kuka?" ta ce. Ta soke makinsa duka.

Konsehal bai rasa borin kunya ba. Ya hau benci ya sanar da jama'a cewa da gangan ya yi, don ya jarraba alƙalan kulob, kuma ya ji daɗi sun ci jarrabawa. Aka tafa masa sosai, wasu har suna share hawaye. Zancen rumfa dai, babu ɗan kwamitin da ya sake ɗaga shi.

Ranar Talata da hantsi, lokacin da fili ba kowa, mota ta tsaya nesa da mangwaro. Konsehal ya zo shi kaɗai, ba riga mai zinariya, ya waiga dama ya waiga hagu.

"Tibo, me ka yi mata ta daina cijewa?"

"Sifirin mai laushi na sa mata, Konsehal."

Ya murza wuyan hannunsa. "Ka bar shi a ciki. Kuma maganar ta tsaya tsakaninmu." Ya ƙara sunkuyowa. "Harsashin shagon nan shuri gare shi. In na ƙara rage nawa, a wurin atisaye kawai, akwai sifirin da ya fi wannan laushi?"

Mang Tibo ya goge hannu da tsumma, ya yi tunani cikin ladabi.

"Akwai, Konsehal. Sai dai na cikin biro ne."