Cindo da Eriyar Kawu Mati

A garinmu an yi wani mutum wai shi Cindo, ƙato ne mai ƙarfi, ga haƙuri, ga ladabi. Aibinsa ɗaya ne: yadda magana ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Matarsa Tasalla ta taɓa ce masa ya ja wa ɗansu kunne don ya daina wasa a bakin rijiya, sai da maƙwabta suka shigo suka ƙwaci yaron. Da rani ya yi, rumbu ya kusa ganin gindinsa, ta roƙi kawunsa Mati ya tafi da shi daji cirar ƙaro. Ran tafiya ta ce masa, "Ka ga dai halin da gida yake ciki. Kada ka dawo mana hannu rabbana."

Su da sauran masu cirar ƙaro suka yada zango can cikin dajin ƙaya, inda wayar hannu ba ta da sabis. Abin dogaronsu rediyon oba-oba na Kawu Mati, da shi ake kiran Haladu direba ya kawo ruwa ya kwashi buhuna. Ƙaro ya taru, ruwa kuma ya ja baya, sai ga shi eriyar rediyon ta karye a cikin kaya. Idan ba a samu Haladu ba, dole a bar buhunan a daji a taka zuwa gida kafin ƙishi ya kashe mutane.

Wata rana Kawu Mati ya zauna zai haɗa sabuwar eriya, irin wadda ake naɗewa a saɓa a kafaɗa. Ya ce, "Cindo, ɗauko waya ka ɗaure mini a reshen can, ka ja ta ta miƙe." Cindo ya wuce naɗin wayar jan ƙarfe da ke gabansa, ya zaro wayar hannun Kawu daga aljihun riga, ya ɗaure ta da igiya a reshe, ya dinga ja har gilashinta ya ce ƙas. Ya dawo yana share gumi, ya ce, "Kawu, ta ƙi miƙewa, amma ta fara."

Wata rana kuma aka zo wajen sandar da za a ɗora wayar a kai. Kawu ya ce, "Nemo mini gora, busasshiya, mara nauyi." Ga gorori nan an saro an jingine, dogaye zar. Cindo bai ko dube su ba. Ya ɗauki gorar ruwan Kawu, ya girgiza, ya ji da nauyi, ya tuttular da ruwan a ƙasa, ya shanya ta a rana. Da ta bushe ƙayau ya kawo da hannu biyu. Kawu Mati ya dubi gora, ya dubi jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ni dai na tausaya wa dattijon nan, don ɗan 'yar'uwa ba a yar da shi.

Wata rana aka gama eriya, aka kafa, aka murɗa rediyo, shiru. Kawu ya ƙwanƙwasa shi ya ce, "Kash, batir ya mutu." Ya tashi ɗauko farantin sola. Kafin ya dawo Cindo ya naɗe batirin a tsumma ya binne a gindin ƙaya, ya tare shi da fuskar jimami yana cewa, "Kawu, sai haƙuri. Ya yi mana aiki." Sai da aka tono mamaci aka kai shi rana ya farfaɗo.

To, batir ya tashi, eriya tana tsaye, amma rediyo ba ya kama komai sai shuuu, domin zangon a kwari yake. Jarka ta ƙarshe ta koma rabi. Mutane suka fara ɗaure tabarmi. Cindo ya dubi buhunan da za a bari, ya tuna Tasalla da rumbu, hankalinsa ya tashi ƙwarai. Kawu Mati ya zube a inuwa ya ce, "Abin nan ya fi ƙarfinmu. Sai dai a kai kuka sama."

Kawu Ubangiji yake nufi. Cindo kuwa ya waiga ya hango wata tsohuwar kuka a kan tudu, da turakun masu ɗiban zuma a jikinta. Ya tumɓuke eriya ya saɓa, ya rataya rediyo da batir a wuya, ya kama hawa. Yana kaiwa ƙololuwa rediyo ya yi tari, murya ta fito tar.

"Haladu ne. Wa ke kan layi? Oba."

"Ba Oba ba ne, Cindo ne. Ruwanmu ya ƙare."

"Subhanalla! Tsaya nan inda kake, ga ni nan zuwa."

Kawu ya iso gindin kuka da gudu, yana murna yana faɗa. "Sauko, ɗan nan, kada ka faɗo!"

"Haladu ya ce in tsaya inda nake."

Aka yi lallashi, aka yi zagi, Cindo na bisa rungume da gora, rana na dukansa. Wajen la'asar mota ta ɓullo ta cikin ƙaya. Haladu ya diro yana cewa hanya ta ɓace masa tun daga rafi, har ya yi niyyar juyawa, sai ya hango wani ƙato a kan kuka riƙe da sanda, ya miƙo wajensa.

Aka sauke jarkoki, aka fara loda buhuna. Kawu Mati ya cika kwanon farko, bai kai bakinsa ba, ya ɗaga shi sama ya ce, "Sauko ka sha, Cindo. Naka ne."

Cindo ya leƙo ta cikin rassa, leɓɓansa duk sun tsage, ya ce, "Kawu, saman ya isa haka, ko in ƙara gaba?"