Huji Biyar Ba Su Ishi Baffansa Ba

Zuwa ga Mai Girma Babban Likita, gwanin aiki da ƙarfe mai ido mai leƙa cikin mutum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa, mutanen gida lafiya, ban da kaka Dije da gwiwarta ke ciwo. Ni Ƙande ce, uwar Habibu, wanda ka yi wa aikin ƙwannafi sati biyu da suka wuce. A ajin manya na koyi rubutu, a yi haƙuri da hannuna.

Ƙwannafi ya tafi, mun gode. Shekara shida yaron yana kwana a zaune, yanzu yana miƙewa har da minshari. Ga kukana.

Na ɗaya, aikinka ya yi kyau fiye da kima. 'Yan dubiya sun zo daga Waca a kan kabu-kabu, sun ɗaga rigarsa, sun tarar da huji biyar kamar cizon cinnaka. Wata ta koma da furarta. Maƙwabcinmu Hammadu da aka yi wa aikin gwaiwa yana da tabo kamu guda, har yau ba ya ɗaukar ko buta. Nawa ɗan me ya yi da aka hana shi tabo?

Na biyu, ka ɗaure masa bakin tumbi, gyatsa ba ta fitowa. Da ita nake sanin ya ƙoshi. Yanzu ta yaya zan san lokacin daina zuba kunu?

Na uku shi ne ya sa na ɗauki biro. Ka ce kada ya ɗauki nauyi sai bayan sati shida, ɗinkin ciki zai iya warwarewa. Baffansa Gajere ya duba cikin, ya ce wanzamin Dungas ya fi ka zurfin tsaga, kuma wanda aka yi wa ƙaho washegari yake fita gona. Ya sa shi cikin masu ɗaukar damin gero zuwa rumbu ranar Asabar. Habibu kuwa ba ya musu da baffansa.

Don Allah a aiko takarda kafin Juma'a, mai hatimi ja, babba, don Gajere ba ya karatu, girman hatimi yake dubawa. In ba hali, a ba direban motar Magariya fansama, wato bandeji, mai faɗi, kamu goma. Ni da kaina zan naɗe masa ciki, in zuba jan magani a kai, Gajere ya ɗauka babbar tsaga ce.

Taka mai biyayya, mai durƙuso har ƙasa,
Ƙande, uwar Habibu