Hutun Yara a Hannun Kawu Nomau

A Dutsen Gauraka, wani ɗan gari da ke maƙale a ƙirjin tsauni, inda ko da bazara sai mutum ya nemi bargo, akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Shi da tsohuwarsa, Inna Tasalla, suke zaune a gidan ƙarshe kafin a fara gangara. Dukiyarsu jaki ɗaya ne da 'yar gonar dankalin turawa. Nomau ƙato ne, ga ƙarfi ga haƙuri, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Abu ɗaya ne nasa: yadda magana ta fito daga bakinka, haka za ta zauna a kansa, ba ya ƙara mata, ba ya rage mata. Mutanen gari sun san hali, don haka sai sun tauna magana sosai kafin su aike shi.

Yayarsa Karime kuwa a Kano take aure, ta daɗe rabonta da gida, har ta manta da wannan hali. Da aka yi hutun makaranta, gab da faɗuwar damina, sai ta kwaso 'ya'yanta uku suka zo ganin kaka: Zinatu babba, sai Nafi'u, sai auta Walida. Nomau ya yi murna har ya rasa inda zai sa kansa.

Wata rana da hantsi yaran suka cika ɗaki da rigima a kan wayar uwarsu. Karime ta gaji, ta leƙo ta ce, "Nomau, don Allah kwashe su ka kai su su sha iska." Ya ce, "To, Yaya." Ya shiga madafa ya ɗauko ludayi uku, ya tasa yaran har kan falalen dutsen da ya fi kowanne tsawo, don a nan iska ta fi kauri. Ya jera su, ya miƙa wa kowa ludayinsa, ya ce, "Ku ɗiba ku sha. Bismillah." Nafi'u ya dubi Zinatu, Zinatu ta dubi kawunta, ta ga da gaske yake. Suka shiga ɗiba suna kai wa baki, suna ƙyalƙyala dariya. Suna cikin sha Walida ta nuna ƙasa da ludayi, ta ce, "Kawu, ga tururuwa masu ƙaho!" Shanu ne ke kiwo can a gindin tsauni. Suka zauna suna neman rufin gidan Kaka a cikin rufunan gari, har rana ta take. Da suka dawo Nomau ya ja Inna gefe, ya ce, "Kada ki cika musu tuwo, sun sha sosai." Yaran suka cinye nasu, suka nemi ƙari. Nomau ya girgiza kai, ya ce lallai iskar bana ba ta riƙe ciki.

Wata rana kuma suka ce sai an kai su marmaro, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga tsagin dutse ya taru ya yi ɗan tafki. Karime ta ce, "Ku je. Amma Nomau, kada ka ɗauke idonka daga kansu." Tun daga ƙofar gida ya shiga gabansu ya juyo, ya kama tafiya da baya. Ya yi karo da turmi, ya yi karo da akuyar maƙwabta, ya wuce Liman bai dube shi ba, sai dai ya ɗaga murya ya ce, "Allah gafarta Malam, a yafe ni, idona na da aiki." Da suka iso marmaro Zinatu ta ce, "Kawu, ruwa a bayanka!" Ya ce, "Na sani, amma ba halin dubawa." Tsundum! Ruwan iya ƙugu ne. Ya zauna daɓas a ciki, hularsa na yawo, idanunsa tar a kan yaran. Ganin haka su ma suka tuɓe takalma suka faɗa. Ranar Nafi'u ya koyi kama talibambam da tafin hannu, aka dawo gida kowa sharkaf.

Wata rana kasuwar garin na ci. Karime ta ce, "Kai su kasuwa su ba idonsu abinci." Nomau ya yi ta tunani a hanya: me ido ke ci? Barkono dai bai yiwuwa. Tuwo ya yi nauyi. Ya zaga da su layin masu karas da kabeji, ya bi ta wajen masu saƙa tabarma, ya tsaya wajen maƙeri suka kalli tartsatsi, duk yana neman abin da ya dace. Daga ƙarshe ya sayi kokwamba, ya yayyanka, ya kwantar da yaran a inuwar ɗorawa, ya ɗora wa kowa yanka biyu a ido, ya tsuguna yana jira. Mai kokwambar ta zo ta ce, "Nomau, lafiya?" Ya ce, "Ciyar da su nake, amma sun ƙi ci. Kin san idon birni da tsirfa." Walida ta faki idonsa ta zare nata ta tauna. Da ya juyo ya ga wayam, ya tafa hannu, ya ce, "Alhamdu lillahi, na auta ya ci!"

Wata rana, ana jibi za su koma, yaran suka roƙa a bar su su ci abincin rana a Kwarin Yashi, wani busasshen rafi mai farin rairayi tsakanin duwatsu biyu, inda yaran gari ke gina ɗakunan ƙasa. Inna ta dafa musu dankali da ƙwai. Karime ta dubi sama, ta ga garau, amma ta ce, "Nomau, in ka ga hadari kamar tafin hannu, ka kwaso min su." Ya ce, "To, Yaya."

Yara suna wasa, shi kuwa ya kafa hannu sama yana awo. Wani gajimare ya wuce, bai kai yatsa ba, ya ƙyale shi. An buɗe kwano ke nan, sai ya hango wani baƙin abu can nesa, a kan tsaunukan gabas. Ya miƙa hannu, ya rufe ido ɗaya. Daidai tafinsa, cif.

"Ku tashi!"

"Kawu, ga rana fa ƙwal!" in ji Zinatu.

Bai saurare ta ba. Ya saɓa Walida a wuya, ya maƙale Nafi'u a hammata, ya ja Zinatu da ɗaya hannun, ya bar kwano da tabarma a nan. Ya kora sauran yaran gari, don sun tare masa hanya. Suka hau gangara, Walida na kukan ƙwanta, Nafi'u na wutsil-wutsil.

A bakin gangara suka haɗu da Karime ta biyo su da ruwan sha. Ta ga yara na kuka, ta ga sama garau, ranta ya ɓaci. Ta ce, "Haba Nomau! Yaushe za ka yi hankali? Ko loma ba su..."

Ba ta ƙarasa ba suka ji wani ruri kamar motar kaya na gangarowa. Ruwan da aka tafka can kan tsaunuka ne ya biyo kwarin, jajawur, ɗauke da itatuwa da duwatsu. Kan ka ce me, ya shafe ɗakunan ƙasa, ya yi gaba da tabarma da kwano. A inda suke tsaye ko ɗigo bai sauka ba.

Karime ta zauna a ƙasa, ta tattaro 'ya'yanta ta rungume. Ta dubi Nomau ta ce, "Ɗan'uwana, yaya aka yi ka sani?"

Nomau ya ce, "Ni ban san komai ba, Yaya. Aunawa na yi. Allah ma ya taimaka ya zo daidai. Da ya fi tafin hannu girma, ai da muna can muna cin dankalinmu."