Abarbar Sallau Direba

Ga ta nan, ga ta nanku. To, tun da kun ce ta zo ku ji, ku matso, don wannan ba a cin ta da sauri.

A wani ƙauye wajen Saminaka an yi wani direba, Sallau, mai jigilar dankalin Turawa daga kan tsaunukan Filato. Can ya ga wasu dogayen bishiyoyi miƙaƙƙu kamar mashi, ganyensu siri-siri kamar allura, ga wasu 'ya'ya masu ɓawo hawa-hawa suna reto. Sallau ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, ya ce, "Ikon Allah! Abarba a sama!" Bai tambayi kowa ba. Ya samo dashe ɗaya, ya rungumo shi har gida kamar jariri.

Wuri mai laima a gidan kuwa guda ne, bayan randa, inda zogalen matarsa Tabawa yake. Sallau ya sa adda ya sare shi tas, ya dasa nasa a wurin.

Tabawa ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, da me zan yi kwaɗo?"

Ya ce, "Kwaɗo? Ke da za ki ci abarba har ki kai wa danginku! Na rantse a gaban maƙwabta, in ba ta ciyu ba, da hannuna zan sa mata gatari in mayar miki da zogalenki."

Tabawa ta ce, "Maƙwabta, kun dai ji."

Shekara ɗaya, biyu, har bakwai. Kullum Sallau ya dawo daga tafiya sai ya tsaya gindin bishiyar yana hangen sama. Bishiya tana ta tsawo, ba fure, ba komai. Akuya ta shinshina ganyen ta yi atishawa ta wuce. Inuwarta ko kaza sai ta karkace take shiga.

A shekara ta takwas sai ga 'ya'ya. Sallau ya yi ta tsalle a tsakar gida da zani ɗaya. Ya karkaɗo kwando guda, ya gayyato duk 'yan majalisarsu, har da Baba Na'iya mai haƙora huɗu, da malamin gandun daji, don ya zama shaida.

Aka ɗauki ɗaya za a yanka, wuƙa ta ƙi shiga. Sallau ya ce, "Irin ta dafawa ce. Tabawa, ɗora tukunya!"

Tabawa ta ɗora. Da 'ya'yan suka ji ruwa sai duk ɓawon ya tsuke, suka ƙara tauri. Gida ya game da ƙamshi kamar an fasa shagon mai turare. Icce ya ƙare, ta riƙa cusa sauran busassun 'ya'yan a murhu, suna ci bal-bal. Tun hantsi ake abu ɗaya har aka yi la'asar.

Baba Na'iya ya gaji da jira, ya tsamo ɗaya ya gartsa. Aka ji ƙas! Ya tofa a tafin hannu, ya duba, ya ce, "Sallau, na zo gidanka da huɗu, ga shi zan koma da uku."

Malamin gandun daji, da ya makara, ya yi sallama a daidai nan. Ya leƙa tukunya, ya dubi bishiya, sai ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye.

Da ya samu numfashi ya ce, "Haba Sallau! Wannan ai ba abarba ba ce, bishiyar da ake kira fayin ce. Ita da danginta ba sa fure, ba sa ɗan da ake ci. Wannan da kuke dafawa rumbun irinta ne, icce ne zalla. In ya bushe ya buɗe, iri ya zube. In ya jiƙe ya rufe. Ko shekara za ku yi kuna hura wuta, haka zai fito."

Tabawa ta tashi daga gaban murhu. Ta shiga ɗaki ta ɗauko gatari, ta jingine shi a jikin bishiyar.

Sallau ya juya wajen malamin gandun daji. Ya ce, "Malam, amma dai tana da wani amfani ko? Faɗa mata, don Allah."

Malamin ya ce, "Sosai. Rani da damina ba ta zubar da ganye. Ƙaronta yana da ƙamshi. Katakonta kuwa miƙaƙƙe ne, da shi ake ƙofofi da kujeru na alfarma."

Sallau ya miƙe, ya gyara hula, ya buɗe hannuwa. "Kin ji ko, Tabawa? Kujeru na alfarma! Yanzu wannan za a sare saboda ganyen kwaɗo?"

Tabawa ta miƙa masa gatarin da hannu biyu, cikin ladabi, ta ce, "Ai shi ya sa, Malam. A sassaƙa maka kujera guda, ka zauna a kai ka jira zogalena ya tsiro. Jira dai ka riga ka ƙware."

Ƙurunƙus, kan haƙorin Baba Na'iya.