Filin da Tanfilana Ya Samo Mana a Bakin Teku

Duk wanda ya ce London ba ta da manyan mutane, to bai taɓa zama kusa da Alhaji Nata'ala a taron ƙungiyarmu ta 'yan Arewa da ke Barking ba. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar ganin fili. Can a gida ya taɓa riƙe wa masu awon filaye bakin igiya, shi ya sa muke kiransa Tanfilana, wato mai tsara gari, shi kuma ya amsa yana gyara zaman hula. A nan kuwa aikinsa liƙa wa motoci takardar tara a Stratford. Shi dai "kula da sararin birni" yake kiran abin.

Damuwarmu ɗaya ce, yaranmu. Duk Sallah muna kama hayar wani zaure mai taga ɗaya, dattawa su yi ta jawabi, yara su lafe a lungu da wayoyinsu. Wata shekara rabinsu suka ƙi zuwa. Da shekara ta zagayo suka haɗa baki suka ce ko ɗaya ba zai leƙo ba. Wallahi abin ya yi mana ciwo. Muna tsoron ranar da Sallah za ta zame musu kamar kowace Talata.

Ana cikin wannan jimami Tanfilana ya miƙe, ya tattare hannun riga.

"Jama'a, matsalarku rashin planning ne. Yaro fili yake so. Ni da kaina na hau jirgin ƙasa daga nan Barking har inda kogin Thames ya shiga teku, na yi survey. Na ga fili iya ganin ido, shimfiɗe kamar tabarma. Ba katanga, ba mai gadi, ba wanda ya kafa ko turke. Turawan nan suna zaune a kan dukiya ba su sani ba!"

Wani ya tambaya a hankali, ruwan fa?

"Ya janye. Summer ce yanzu, wato rani. Wa bai buga ƙwallo a rairayin kogi da rani ba? Ruwa in ya tafi, sai damina."

Muka yi tafi har da kabbara. A cikinmu akwai likitoci, akwai masu digiri na uku, duk an karantar da su cewa teku yakan ja da baya ya dawo a yini guda. Amma kowa ya bar wa na kusa da shi ya faɗa. Ga shi mu mutanen tudu ne, da mun ji an ce fili ba mai shi, sai hankali ya tafi hutu. 'Yan uwanmu na Ghana kuwa, su Hajiya Katumi da suka tashi a bakin teku, ba mu sa su a kwamiti ba, wai Hausarsu ba ta nuna ba. Mu da tamu ta nuna, ga inda ta kai mu.

Ranar Asabar bayan Sallah muka cika jirgi da kuloli da tabarmi, yara na biye suna kumbure-kumbure. Da muka sauka, gani ya kori ji. Fili kam ga shi nan, teku can nesa kamar zare. Ƙasar da ɗan danshi, Tanfilana ya ce ai alamar albarka ce. Bai yarda mun zauna kusa da katangar bakin titi inda Turawa suke ba, ya ce nan wurin marasa hangen nesa ne. Ya ja mu can ciki.

Nan ya nuna gwanintarsa. Ya fito da igiya da turaku, ya yanka wa mata nasu ɓangaren, ya yanka na dattawa, ya fitar da filin ƙwallo, ya ware inda za a yi masallaci nan gaba in council ta farga. Mu ma ba mu zauna ba. Dakta Nuruddeen, babban likitan ƙashi, da idona na ga ya jera duwatsu huɗu a gefe yana cewa ko da za a fara rabo.

Aka zuba masa da miyar taushe, aka buɗe dambun nama. Tanfilana ya hau kan kular lemo, ya juya wa teku baya, ya fara jawabi. Bai yi nisa ba 'yarsa Mufeeda ta matso da waya a hannu.

"Dad, the tide... ruwan zai dawo..."

"Ke, rufe mana baki! Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Mufeeda ta ce to. Ta yafito sauran yaran, suka koma kan katanga suka jeru, kowa ya saita wayarsa.

Mu da muke fuskantar teku mun ga ruwan yana tahowa. Ba gudu yake ba, tafiyar mai gida yake yi. Amma wa zai katse babba yana magana? Liman ya dubi shugaba, shugaba ya dubi ma'aji, ma'aji ya dubi agogo. Ruwa ya shafe filin ƙwallo, muka ce ƙila a nan zai tsaya. Ya shiga masallacin nan gaba ba ko sallama.

"Shekara ɗari masu zuwa," in ji Tanfilana, "jikokinmu za su tsaya daidai inda nake tsaye..."

Sai kular ta motsa.

Ƙafa me na ci ban ba ki ba! Dattawa suka naɗe manyan riguna har wuya, mata suka ɗora tukwane a ka, takalma suka kama hanyar Faransa. Dakta ya waiwayi duwatsunsa sau biyu. Tanfilana ne ya iso ƙarshe, laka har gwiwa, rungume da igiyarsa, yana cewa lallai wani ne ya buɗe dam ba notice.

A jirgin dawowa ba babban da ya ɗaga kai. Yaran kuwa dariya har da hawaye, suna kwaikwayon gudun kowa, suna maimaita jawabin da gurguwar Hausarsu. Rabon da mu ji Hausa mai yawa haka a bakinsu har mun manta. Kafin mu iso Barking suka ce baɗi ma za su zo, da sharaɗin Baba Nata'ala zai sake jawabi, a wurin nan dai.

Muka amince, me za mu ce? Shekara uku ke nan ba yaron da ya fashi Sallah. Tanfilana yana gaya wa kowa cewa hikimarsa ce ta dawo da matasa hanya, ga shi saboda tsabar girmamawa ba sa barin kowa ya tsayar masa da lokacin jawabi. Su ne ke duba lokacin dawowar ruwa a waya su zaɓa masa.