Ranar da Na Kai Allurar Injin Kusa da Jan Layi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin ɗaurin auren Hadiza ba, ko da yake na yi ƙoƙarin mantawar. Hadiza 'yar yayana ce marigayi, ta girma a Dayi wurin mahaifiyarta. Waliyyinta shi ne Baffa Mamman, ƙanen mahaifinmu, dattijon da ya haura tamanin, ni kuma aka ɗora wa alhakin ɗauko shi daga Funtua in kai shi kafin ƙarfe sha ɗaya na safe. Dangin ango za su taso daga Matazu. Abin da duk muke tsoro, ba tare da wani ya furta ba, shi ne a bar su zaune suna jira har a fara cewa dangin uba sun yi wa marainiya riƙon sakainar kashi.

Motar da zan tuƙa ita ce wadda na gada daga mahaifina, ta haura shekara talatin tana bin hanya. Bayan sitiyarinta akwai agogon da ke nuna yawan juyin inji a minti guda, da lambobi daga ɗaya zuwa takwas, kowace lamba tana nufin dubu. Daga shida zuwa sama kamfani ya shafa jan fenti. Mai kula da ita tun zamanin mahaifina shi ne Alhaji Rasaki, bakanike, Bayaraben da aka haifa a Funtua, wanda Hausarsa ta fi tawa gishiri. Aminin marigayi yayana ne kuma.

Kwana biyu kafin bikin na kai masa ita ya canja baƙin mai. Da na je ɗauka sai na tarar ya yanko farin filasta ya manna a kan lamba uku.

Na ce, "Alhaji, wannan kuma fa?"

Ya ce, "Iyakarka ke nan, Malam. Kada allura ta wuce nan. In ta kai, ka ƙara giya ko ka sassauta ƙafa."

Na nuna masa jan fentin, na ce ai masu ƙera motar sun ce shida. Ya goge hannunsa da tsumma, ya ce shi dai uku ya sani, kuma a haka mahaifina ya riƙe ta.

(A nan ya dace in bayyana cewa ni malamin kimiyya ne, na yi jami'a, na shafe fiye da shekara ashirin ina zana wa ɗalibai hoton inji a allo. Ban taɓa kwance ko ɗaya ba.)

Da na isa gida na ciro littafin motar daga cikin takardun mahaifina. Ga shi a rubuce, dubu shida. Na ji wani irin daɗi da bai dace da mutum mai furfura ba. Na fita na ɓare filastar, na ce a raina ba za a yi mini alama kamar ɗan koyo ba.

Ranar Asabar Alhaji Rasaki ya biyo da a-kori-kurarsa, ya ɗauko tabarmi da butoci da goro za shi Dayi. Ya ce in ba shi Baffa su yi gaba. Na ce a'a, waliyyin amarya ba zai shiga gari a motar kaya ba. Ya tafi. Ni kuwa na tsaya jiran babbar rigata daga wurin mai guga, domin sitacin farko bai gamsar da ni ba. Ba mu bar Funtua ba sai da lokaci ya ƙure.

Kaka ce, hanya cike da manyan motoci masu dakon masara. Na riƙa wuce su ɗaya bayan ɗaya, ina sauko da giya zuwa ta uku ina danna totur. Allura ta wuce uku, ta wuce huɗu. Injin ya fara wata irin ƙara da ban san shi da ita ba.

Baffa ya dakata da jan carbinsa. "Ɗana, me ka yi mata take kuka haka?"

Na ce, "Ba kuka ba ne, Baffa, aiki take yi. Kun ga wancan jan? Matuƙar allura ba ta taɓa shi ba, babu abin da zai faru. Waɗanda suka ƙera ta ne suka auna."

Ya ce, "To. Ni ban san lamba ba. Amma na shiga motar nan da ubanka har Kano, ban taɓa jin muryarta ba."

Maimakon in yi shiru, sai na yi masa darasi. Na yi bayanin yadda mai ke ƙonewa, da yadda injiniyoyi ke barin rara a lissafinsu. Ya saurara da haƙurin da dattawa ke yi wa mai surutu a wurin makoki.

Bayan mun wuce Malumfashi na hango a-kori-kurar Alhaji Rasaki tana tafiyarta a natse. Abin da na yi a nan shi ne ya fi damuna har yau. Na fito gefensa, allura tana kan biyar da rabi, na matsa masa oda sau biyu, na ɗaga masa hannu.

Ba mu yi nisa ba wata jar fitila ta kama a gabana. Sai wari. Sai wani bugu daga ƙarƙashin bonet kamar ana daka a turmin ƙarfe. Ƙarfin motar ya zube gaba ɗaya, na gangara da ita gefen wata gonar dawa, ta mutu. Na dubi agogon hannuna, saura minti goma sha biyar. Na murza makulli sau uku, ko tari ba ta yi ba.

Baffa ya ce, "Ta taɓa jan?"

Na ce, "Ba ta taɓa ba."

Ya ce, "Ikon Allah."

Ina tsaye a bakin titi cikin rigar da ta sha sitaci, a-kori-kurar ta iso ta tsaya. Alhaji Rasaki bai buɗe bonet ba. Ya leƙa ta taga, ya dubi wurin da filastarsa take a da, ya dube ni. Ya kama hannun Baffa ya zaunar da shi a gaba, ya ɗora masa ƙullin goron a cinya don kada rana ta taɓa shi.

"Malam, kulle ta ka hau baya. Yarinyar nan tana jira."

Haka na shiga Dayi, zaune a kan tabarmi, ina riƙe da hulata da hannu ɗaya, ɗayan kuma ina tare butoci kada su zube. A ƙofar masallaci jama'a sun cika. Cikin abokan ango akwai tsofaffin ɗalibaina guda uku, suka rugo suka durƙusa suna gaishe ni tun ina sama, ɗaya ya miƙo hannu ya taimaka mini na sauko. Daga baya na ji cewa liman ya riga ya fara tambaya ko akwai wani daga dangin uba da zai tsaya a madadin Baffa, aka duba babu kowa.

An ɗaura aure a kan lokaci. Da aka shafa fatiha, wani dattijo daga Matazu ya tambayi dalilin da ya sa waliyyi ya zo a motar kaya. Alhaji Rasaki ya yi saurin cewa, "Tsohuwar mota ce, Alhaji, gajiya ta yi." Na ji kamar in rungume shi. Amma Baffa, wanda tsufa ya sa ba ya iya rage murya, ya ce, "Ba ruwan mota. Littafi ne ya tuƙo mu." Aka yi dariyar da ake yi wa babba, wadda ake rufe baki da hannun riga. Na tsaya ina murmushi kamar da wani ake.

Abin bai ƙare a nan ba. Da na shiga cikin gida, mahaifiyar Hadiza ta tare ni da hawaye tana godiya, wai ta ji har motata na sadaukar don kada a ji kunya. Na so in karɓi yabon. Na daɗe ina tambayar kaina me ya hana ni, ina jin idon Hadiza ne daga cikin mayafi. Na ce mata Alhaji Rasaki za ta yi wa godiya, ni saura kaɗan in jawo abin da take tsoro.

Washegari ya janyo motar zuwa garejinsa. Da ya kwance injin ya kira ni, ya ɗora mini wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe a tafin hannu, wanda ya cinye har ya yi baƙi. Ya ce shekaru sun sa komai a ciki ya yi sako-sako, baƙin mai ba ya tsayawa inda ya kamata idan juyi ya yi yawa.

"Littafinka bai yi ƙarya ba, Malam," in ji shi. "Sabuwar mota yake magana a kai. Wanda ya shafa jan fentin nan bai sake ganinta ba tun ranar da ta bar hannunsa. Ni duk wata ina jin numfashinta."

Mako uku ya yi a kanta, ta tashi, har yanzu ita nake hawa. Bai taɓa tayar da maganar a gaban kowa ba, kuma ina ganin wannan ya fi gyaran wahala. Hadiza tana ɗakinta da 'ya'ya biyu, dangin mijinta ba su taɓa samun abin faɗa a kanmu ba, kuma ba ni na jawo hakan ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Idan takarda ta ba ni lamba, mai datti a hannu ya ba ni wata, yanzu nakan fara duba shekarar da aka buga takardar. Idan kuma na wuce mutum a hanya, ba na matsa masa oda, domin ban san a wane ɓangare na motarsa zan ƙarasa tafiyar ba.