Ƙararrawar Injin Baba Isiyaka

Ba zan taɓa mantawa da kwanakin da injin Baba Isiyaka ya yi a shagona ba, kuma tun kafin in yi nisa bari in faɗa da bakina, ni ne na yi kuskure. Injin bai yi laifi ba, Baba bai yi ba, su ma aljanun da na ɗora wa abin, da ina da hanyar ganinsu da na ba su haƙuri.

Ina da ɗan shagon gyara a unguwar Tremont, nan ƙasar waje, a ƙarƙashin gadar ƙarfen da jirgin ƙasa ke bi. Fanka, rediyo, dutsen guga, hita, duk abin da ke cin wuta ina taɓawa. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, sauran a hannun maigidana na koya a Kano. Amma mutanenmu na nan Injiniya suke ce mini, ni kuma ban taɓa hana su ba. (Har a allon shago na sa aka rubuta.)

Baba Isiyaka shi ne ladanin masallacinmu. Mutumin Damagaram ne, ya haura saba'in, kuma tun kafin in zo ƙasar nan shi ke kiran salla. Wata Talata cikin hunturu ya sauko daga tasi, shi da direba suna rungume da wani abu a bargo. Da aka kwance, sai ga akwatin katako mai fuskar gilashi, tsayinsa ya kai ƙuguna. A bayan gilashin ƙusoshi ne rututu a tsaye, da wasu furanni na roba, a tsakiya kuma wata jar fuska mai dogon hanci tana zare ido. A ƙasa akwai ɗan hannun ƙarfe da ake dannawa da babban yatsa, da wani ɗan faranti.

“Injiniya, ka san wannan?”

“Haba Baba, irinsa nawa na gyara,” na ce. (Ko a mafarki ban taɓa ganinsa ba.)

“To madalla. Pacinko sunansa, abin wasan mutanen Japan ne. Patron ɗina, wato maigidan da na yi wa tuƙi shekaru da yawa, ɗan Japan, shi ya bar mini da zai koma gida.”

Ya nuna mini yadda yake. Ka danna hannun, ya harba ƙwallon ƙarfe kamar ɗan boris, ya gangaro tsakanin ƙusoshi, in ya faɗa rami mai kyau wasu ƙwallayen su zubo a faranti. Amma yanzu komai ya cije. Na ƙwanƙwasa katakon kamar mai sayen kankana, na ce ai wannan ya kai shekara ɗari, masu tara kayan da za su yi rububinsa. Baba ya yi murmushi ya ce bai kai ba, sa'an 'yarsa ta fari ne, kuma ba na sayarwa ba ne. Hajiyarsa ce ɓarin jikinta ya shanye, likita ya ce ta riƙa motsa yatsu, ta ƙi duk abin da aka ba ta a asibiti. Amma a da tana son wannan injin, ko ta yarda ta danna shi.

Washegari na buɗe bayan. Hanyoyi ne na roba da ƙarfe a karkace, sun daskare da datti, ƙwallaye sun maƙale nan da can. Waya biyu kacal na gani, suna zuwa wani ɗan ƙwan fitila, duk sun ruɓe, na sa filaya na datse su. Na jingina injin da bango na zauna cin shinkafata bayan azahar. Gari ya yi duhun hunturu, babu kowa a shagon sai ni.

Sai na ji, ƙililin!

Sannan shaaa, ƙwallaye suka zubo cikin faranti.

Cokali ya tsaya a bakina. Ban taɓa injin ba, tsakanina da shi taku huɗu ne. Na tashi na duba ko ɓera ne, babu ɓera. Na ɗauko mita na gwada ko'ina, babu ɗigon wuta. Babu batir, babu filogi, wayoyin ma ga su a ƙasa inda na yar. Ni kuwa a iya sanina na gyara, abin da ba ya cin wuta ba ya kuka. Na ɗaga kai, sai na ga ɗaya daga cikin furannin nan da ke rufe ya buɗe, jar fuskar kuma ta ƙura mini ido. Na matsa hagu tana kallona, na matsa dama tana kallona.

Kafin la'asar sau uku ya yi. Ba shi da lokaci. Sai ka jira ka gaji, ka ce shi ke nan, ka juya baya, sai ƙililin.

Na daure na koma bayansa da tocila. A can cikin wani lungu na katako na ga abu a soke. Na zaro, takarda ce a ninke cikin leda, an ɗaure da jan zare. Da na warware, rubutu ne baƙi wuluk, daga sama zuwa ƙasa, babu harafi ɗaya da na gane, a gindinsa wani jan tambari kamar an dangwala jini. Ni ɗan Kano ne, na tashi ina ganin abin da ake binnewa a bakin ƙofa da wanda ake sokewa a rufin ɗaki. Zuciyata ba ta tambaye ni ba, ta ce laya ce. Na zuba habbatussauda a gwangwanin sadin, na ɗora takardar, na ƙyasta ashana, ina karanta duk abin da na haddace har ta zama toka. Na lulluɓe injin da bargo na danne da akwatin kayan aiki.

Daga ƙarƙashin bargon ya sake yi. A hankali wannan karon, kamar mai dariya a cikin hannun riga.

Da a nan na tsaya, da tsoro ne kawai, kuma tsoro ba zunubi ba ne. Amma sai na ɗauki waya na yi wa Alhaji Mamman mai shagon turare saƙon murya. Na fara da “wannan tsakanina da kai ne,” wanda duk mun san ma'anarsa. Na ce Baba Isiyaka ya kawo mini akwati mai laya, yana kuka ba wuta. Na ƙara da cewa, “Ni dai ban ce komai ba, amma ka duba abin da ya samu matarsa.” Wannan jimlar har yau in na tuna ta sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. (Wayar da na yi saƙon da ita, da na rubuta sunan injin a cikinta, minti biyu ya isa in ga dubunsa.)

Kafin Alhamis muryata ta zaga zauren masallaci na waya, ta je unguwar Morrisania, wani ma daga can unguwar Park Hill ya kira yana tambaya wai da gaske akwatin yana magana da Faransanci. Ranar Juma'a aka ba wani lasifika, aka ce Baba ya huta, muryarsa ta gaji. Masallacinmu ɗan ƙarami ne, ranar Juma'a har kan matakala ake salla, kafaɗa na gugar kafaɗa. Amma ranar na hango Baba a sahu na biyu, damansa fili, hagunsa fili. Ya zauna da carbinsa yana kallon kafet. Na gani, na kau da kai, har ina ce wa kaina na taimaki addini.

Asabar bayan la'asar Liman ya shigo shagona, Baba na biye da shi. Liman mutum ne mai sanyin magana, bai ɗaga murya ba.

“Injiniya, mun ji saƙonka. Ga mai akwati, ga akwati. Nuna mana abin da ka gani.”

“Allah gafarta Malam, sai dai a yi addu'a tukuna.”

“Mun yi tun a hanya. Yaye bargon.”

Na yaye da sandar tsintsiya. Muka tsaya mu uku muna kallon jar fuskar. Minti ɗaya, biyu, biyar. Hitar shagon na ɗan huci, hasken waje na raguwa. Na soma addu'a a zuci, kuma ku ji irin addu'ar, wai Allah Ya sa ya yi kuka kada in ji kunya. Baba ya buɗe baki zai yi magana.

Ƙililin! Shaaa!

Ban san lokacin da na kai titi ba. Abin da na sani shi ne na kama ƙofar ƙarfen shagon na jawo ta ƙasa da ƙarfin tsiya, na danna kwaɗo. Sai da na ja da baya ina haki, takalmi a ƙafa ɗaya, ɗayar safa ce cikin ƙanƙara, sannan na tuna abin da na bari a ciki. Na kulle limamin masallacinmu da ladaninsa tare da abin da na rantse aljani ne.

Aka ƙwanƙwasa ƙarfen daga ciki, a hankali, sau uku.

“Injiniya.” Muryar Liman ce. “In ka gama, ka buɗe mana.”

Alhaji Mamman ya fito daga shagonsa, da wasu mutum uku da ke sayen turare. Suna kallo na durƙusa ina laluben makulli, ya faɗi sau biyu. Da ƙofar ta ɗaga, Liman na zaune a kujerata, Baba kuma yana bayan injin da tabarau a hanci.

“Zo nan, ɗana,” in ji Baba. “Kawo yatsanka.”

Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe mai kama da lilo. Ƙwallon da ya ci, nan yake faɗawa, nauyinsa ya danna lilon, lilon ya buɗe ƙofa, ƙwallayen sama su gangaro su bugi ƙararrawa a hanyarsu. Babu ruwansa da wuta, nauyi ne kawai. Wayoyin da na datse na fitilar ado ne. Datti ya riƙe ƙwallaye a layi a bakin lilon, kowanne yana jiran abin da zai girgiza shi.

“To me ke girgiza shi, Baba? Wallahi ban taɓa shi ba.”

“Yi shiru. Ɗora tafinka a bango.”

Na ɗora. Muka jira. Can sai na ji bangon yana rawa a tafina, sukundirebobin kan tebur suna ɗan kaɗawa, jirgi yana wucewa a samanmu. Na ga ƙwallo ɗaya ya motsa, ya tsaya, ya sake motsawa, ya faɗa. Ƙililin. Shekara goma sha biyu ina ƙarƙashin gadar nan, jirgi na wucewa ba adadi, har kunnena ya daina jin sa. Ɗaya daga cikin masu sayen turare ya fashe da dariya har da riƙe ƙofa.

Ni ma na soma 'yar dariyar kunya, ina cewa ai dama na yi zargin haka. Sai na ga Baba ya zura hannu cikin lungun katakon nan. Ya laluba, ya sake lalubawa, ya sunkuya ya leƙa.

“Injiniya, akwai wata takarda a nan.”

Gwangwanin sadin yana kan tebur, tsakanina da Liman. Idona ne ya nuna masa. Baba ya ɗauka ya duba tokar ya daɗe.

“Wasiƙar sallama ce,” ya ce. “Patron ɗina ne ya rubuta da hannunsa, jan nan hatiminsa ne. Ban iya karantawa ba. Sau ɗaya ya fassara mini, a filin jirgi. Ya ce na riƙe masa amana, ya ce in gaida Hajiya.” Ya ajiye gwangwanin. “Ya rasu tuni.”

Bai zage ni ba. Cewa ya yi, “To,” ya gyara hularsa ya fita. Da ya mare ni da na fi samun sauƙi.

Kwana huɗu na yi a kan injin, ina kallon bidiyon masu gyaransa a waya kamar ɗan koyo. Na kwance hanyoyin ɗaya bayan ɗaya na wanke, na goge ƙwallayen har suka yi ƙyalli, na miƙe ƙusoshin da suka lanƙwashe, na sa sabon sifirin a hannun. Ya tashi lafiya lau. A nan na gane cewa cewa “ban sani ba” kalma uku ce, kuma da na faɗe ta ranar Talata da ban tsaya da safa a kan titi ranar Asabar ba. Na kuma gane cewa saƙon ƙarya yana da ƙafa, na gyara kuwa gurgu ne. Na aika saƙon janyewa a zauren, mutum biyu suka saurara.

Saboda haka ranar Juma'a na roƙi Liman minti biyu bayan an idar. Na miƙe. Baba yana sahu na biyu, har ranar da ɗan fili a gefensa. Na karɓi lasifika na ce:

“Jama'a, ni ne na yi saƙon nan, kuma ƙarya na yi. Babu aljani, babu laya. Jahilcina ne, da girman kan da ya hana ni tambaya. Na taɓa mutuncin dattijon da ya fi ni a komai, na sa bakina a ciwon matarsa, na ƙona masa abin da ba zan iya mayarwa ba. Duk wanda ya matsa daga kusa da shi saboda maganata, ya koma, laifin nawa ne. Baba, ban cancanta ba, amma don girman Allah ka yafe mini. Ka roƙar mini Hajiya ita ma.”